JAWABI: YADDA GANYE YAKE HAIFAR SHUKA BA TARE DA IRI BA

Jawabin wannan wata a kan shuka ne, da wata hanya ta ban mamaki da take haihuwa.

Kowane manomi ya san ba da ƙwaya ake shuka rogo ba. Itacensa ake sarawa a binne. Haka rake, haka dankali. Ko reshen zogale aka kafa a jikin danga, in ya sami laima sai ya yi saiwa ya tofo. Amma ba wanda ya taɓa yanke kunnen akuya ya binne, ya wayi gari da 'yar akuya. A nan shuka ta sha bamban da dabba.

Akwai kuma wani tsiro mai kaurin ganye da ake dasawa a gidaje, wasu suna ce masa shuka-halinka. In ganyensa ya faɗi ƙasa, sai 'yan tsirrai su fito a bakin ganyen, kowanne da saiwarsa. Ba fure, ba ƙwaya. Ganye ne kurum ya haihu. Yaya aka yi haka? Masana sun fi shekara ɗari suna bin diddigin wannan tambaya. Amsar da suka samo ta shafi aljihun manomi, domin ta shafi irin da yake saye kowace damina.

Ɗan tayi a cikin ƙwaya

A ɓare gyaɗa, a raba ƙwayar biyu. Can a gindi, tsakanin ɓari biyun, akwai wani ɗan abu mai tsini. In an duba da kyau za a ga 'yan ganye ƙanana da kan saiwa. Shi da ɓari biyun nan su ne ɗan tayin shuka. Ɓari biyun guzurinsa ne. Yana kwance yana barci, yana jiran ruwan sama.

Bisa al'ada, ba a samun ɗan tayi sai da uwa da uba. A dubi masara. Bununin da ke samanta shi ne namiji. Gemun da ke jikin goyon shi ne hanyar zuwa wurin mace. Garin bununi ya sauka a kan silin gemu ɗaya, sai a sami ƙwayar masara ɗaya. Shi ya sa masarar da ta tsaya ita kaɗai a bayan gida takan yi giɓi.

To, abin da ake magana a kai yau shi ne ɗan tayin da ba shi da uba. Daga tsokar ganye yake fitowa, ko saiwa, ko wani sashe na jikin shuka.

Littafi a cikin kowane tubali

Yadda ake gina ɗaki da tubali, haka jikin shuka yake a gine da wasu 'yan ƙananan abubuwa. Masana suna kiran su sel. Ido ba ya ganin su sai da madubin ƙara girma. Ganye ɗaya yana da miliyoyinsu.

A cikin kowane sel mai rai akwai wani abu kamar littafi. A ciki aka rubuta yadda shukar za ta kasance: tsawonta, launin ƙwayarta, kwana nawa za ta yi ta nuna, ko za ta jure fari. Haruffa huɗu ne kawai a rubutun, amma an jera su sau miliyoyi. Kowane umarni guda da ke cikin littafin ana ce masa ƙwayar gado. Littafin a kundi-kundi yake. Masara tana da kundi 20, goma daga uwa, goma daga uba. Dawa ma 20 ne, gero 14, wake 22, shinkafa 24.

Abin lura shi ne, sel ɗin ganye da na saiwa da na fure duk littafi iri ɗaya suke riƙe da shi, cikakke. Bambancinsu a shafin da kowa yake karantawa ne. Na ganye ya buɗe shafin ganye, sauran shafukan a rufe. Na saiwa ya buɗe shafin saiwa. Shafin da ya koyar da yin ɗan tayi yana nan a cikin kowannensu, amma an garƙame shi da kwaɗo.

Karas da ruwan kwakwa

Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Ostiriya, Gottlieb Haberlandt, shi ya fara faɗar wannan magana a 1902. Ya ce in aka ware sel guda aka ba shi abincin da ya dace, zai iya zama shuka sukutum. Ya gwada, bai yi nasara ba. Ya rasu bai ga tabbatar maganarsa ba.

Sai a 1958 abin ya tabbata. Wani malami a Jami'ar Cornell ta Amurka, F. C. Steward, ya yanki 'yan tsokoki daga jikin karas. Ya zuba su a kwalba, cikin ruwa mai sukari da gishirin da shuka ke buƙata. Ya ƙara da ruwan kwakwa. Ba da ka ya zaɓi ruwan kwakwa ba. Shi ne abincin da itacen kwakwa ya tanada wa nasa ɗan tayin. Aka ɗora kwalaben a kan wata na'ura tana juya su sannu sannu. Sel ɗin karas suka yi ta rabuwa suna yawaita, wasu suka dunƙule, daga baya suka yi saiwa da ganye. Aka dasa su suka zama karas, har suka yi fure suka ba da iri. A wannan lokacin kuma wani Bajamushe, Jakob Reinert, ya ga 'yan tayi suna fitowa daga tsokar karas a nasa ɗakin binciken.

Daga baya aka gane wani magani da ya fi kowanne iya tayar da sel daga barci. Manoma da yawa sun san shi, domin maganin kashe ciyawa ne, wanda ake kira 2,4-D. In an fesa shi da yawa a gona yana kashe ciyawa mai faɗin ganye. Amma ɗan mitsitsi a cikin kwalba ba ya kisa. Gigita sel yake yi, har ya manta cewa shi na ganye ne ko na saiwa. Sai ya yi ta rabuwa ya zama wani ƙullutu fari. In aka janye maganin, sai 'yan tayi su fara bayyana a jikin ƙullutun, da farko kamar ƙwayar gero, sannan su miƙe. Wannan aikin ɗakin bincike ne, da ma'auni da tsabta mai tsanani. Wanda ya zuba maganin ciyawa a kan dashensa don ya ga 'yan tayi, asara kawai zai gani.

Wa ke riƙe da mabuɗi?

Shekaru kusan arba'in masana suna yin wannan aiki kamar mai girkin da ya iya haɗa miya amma bai san dalilin daɗinta ba. Wata shuka ta amsa, wata ta ƙi. Karas ba gardama. Masara da dawa kuwa taurin kai gare su. Ko a cikin masara, wani iri ya yi, ɗan'uwansa ya ƙi. Wannan ya nuna cewa sirrin yana cikin gado.

Aka koma bincike a kan wata 'yar ciyawa dangin kabeji, mai suna Arabidopsis. Ba a cin ta, ba a sayar da ita. Masana suna son ta ne don ƙarama ce, kuma cikin kamar mako shida take ba da iri.

A 1997 wasu masana a Amurka suka ci karo da wata daga cikinta mai lahani. Saiwarta ta kumbura ta yi kore, ta tara mai kamar yadda ƙwayar iri take tarawa. Wato saiwar ta koma halin ɗan tayi. Da aka bincika, sai aka ga ƙwayar gado guda ce ta lalace. Aka sa mata suna PICKLE. Aikinta gadi ne. Ita da wasu irinta suke rufe shafin ɗan tayi da zarar iri ya tsira. Da mai gadi ya faɗi, sai ƙofa ta buɗe. Ashe shuka kullum cikin aikin hana jikinta haihuwa take.

A 1998, a Jami'ar Kalifoniya da ke garin Davis, aka gwada wata ƙwayar gado mai suna LEC1. Ita a cikin ƙwayar iri kaɗai take aiki. Masana suka tilasta mata ta yi aiki bayan shuka ta tsira. Sai ga abubuwa masu kamar 'yan tayi a jikin ganye.

A 2002 kuma, a ƙasar Holan, wata masaniya mai suna Kim Boutilier da abokan aikinta suka gano wadda ta fi shahara. Da suka kunna ta a jikin ƙaramin tsiro, 'yan tayi suka yi ta fitowa a kan ganye bila adadin, ba tare da an zuba wani magani ba. Don haka suka sa mata suna BABY BOOM, ma'ana ambaliyar jarirai. A shekarar dai aka gano cewa wata mai suna WUSCHEL ita ma tana iya haka.

Waɗannan ƙwayoyin gado ba su ke gina ɗan tayi da hannunsu ba. Kamar sarkin noma suke a ranar gayya. Shi zai ba da umarni, ɗaruruwan ma'aikata su duƙa. Kuma suna tayar da juna: BABY BOOM ta farka, sai ta tashi LEC1 da 'yan'uwanta.

Shi ma tsiron nan mai haihuwa ta ganye an leƙa cikinsa. Yana da wani ɗan'uwa daga tsibirin Madagaska, wanda ko ganyensa bai faɗi ba yake jera 'ya'ya a bakin ganyen. A 2007 aka gano cewa LEC1 ɗinsa tana da naƙasa. Saboda haka 'yan tayinsa ba sa yin barcin da ƙwayar iri take yi. Suna fitowa sai su ci gaba da girma. Amma ya biya kuɗin wannan baiwa, don ba ya iya yin iri mai tsira.

Mangwaro ya riga masana

Wanda ya taɓa shuka ƙwallon mangwaron gargajiya mai zare ya ga wani abu. Ƙwallo ɗaya, amma tsiro uku ko huɗu ko fiye. Haka ma lemo yake yi. Tun a 1719 wani mutumin Holan mai suna Leeuwenhoek ya ga ɗan tayi fiye da ɗaya a cikin ƙwayar lemo.

A cikin tsirran nan, galibi ɗaya ne kawai mai uba. Sauran daga tsokar uwa suka fito, wadda ke kewaye da ƙwan a cikin fure. Ba su gaji kowa ba sai uwarsu. Ɗanɗanonta za su yi, girmanta za su yi. Shi ya sa mangwaron gargajiya bai cika sauya hali ba daga kaka zuwa jika. A 2017 masana a birnin Wuhan na ƙasar Sin suka gano ƙwayar gadon da ke da alhakin wannan a jikin lemo.

Mai dabino

Ina amfanin duk wannan? A fara da dabino. Dabino akwai namiji akwai mace, kuma mace ce kaɗai take 'ya'ya. In aka shuka ƙwallo ɗari, kusan rabi maza za su fito. Ba a gane su sai sun yi fure, bayan shekara biyar ko fiye. Mutum ya yi ta ban ruwa shekara da shekaru, ƙarshe ya tarar rabin wahalarsa a kan maza ta ƙare, alhali namiji ɗaya ya ishi mata da yawa. Matan ma ba lalle su yi zaƙin uwarsu ba. Dabarar da aka sani tun da can ita ce cire 'ya'yan da ke fitowa a gindin uwa a dasa. Amma uwa ɗaya ba ta ba da fiye da ashirin ko talatin duk rayuwarta.

A ɗakin bincike kuwa, daga zuciyar ɗan gindi ɗaya ana iya samun dubban 'yan tayi. Duk mata, duk halin uwarsu. Da wannan hanya aka yaɗa dabino masu tsada irin su Majhul da Barhi zuwa ƙasashe da dama. A nan ba a sauya komai a cikin littafin gado ba, kwafi kawai aka yi. A Nijeriya, cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa tana da reshen binciken dabino a Dutse, Jihar Jigawa. Ana amfani da wannan hanya wajen yaɗa koko da kofi ma.

Masara mai aure

Babbar magana tana ga hatsi. Manomin da ya shuka masara mai aure ya san tana ba da amfani sosai. Ya kuma san in ya ɗebi iri daga cikinta ya shuka baɗi, gonar ba za ta yi kamar bana ba. Wata doguwa, wata gajera, wata ta nuna da wuri, wata ta makara, buhuna su ragu. Wasu suna zargin kamfani da sa wa irin wani abu. Ba haka ba ne. Duk lokacin da shuka za ta yi ƙwai ko garin fure, sai ta cuɗa kundin uwa da na uba, ta raba biyu, ta ba da rabi. Kyakkyawan haɗin da aka sha wahala aka yi sai ya wargaje. Dole manomi ya koma kasuwa kowace shekara. Wanda ba shi da kuɗi a farkon damina sai ya haƙura.

To, da a ce masara mai aure za ta yi irin na mangwaro fa, ƙwayarta ta zama kwafin uwarta? Da manomi sau ɗaya zai saya, ya riƙa ajiye iri a rumbunsa kamar yadda kakanninsa suka yi.

An fara samun wannan a jikin shinkafa. A ƙarshen 2018, Imtiyaz Khanday da Venkatesan Sundaresan na Jami'ar Kalifoniya a Davis suka bayyana abin da suka gano. A shinkafa, namiji ne yake zuwa da BABY BOOM a kunne. Ta macen a rufe take. Wato mabuɗin a hannun ango yake. Sai suka yi abu biyu. Na farko, suka kashe ƙwayoyin gado uku masu cuɗawa da rabawa, dabarar da masanan Faransa suka ƙirƙiro. Da haka ƙwan ya riƙe kundi 24 na uwa cif, maimakon 12. Na biyu, suka kunna BABY BOOM a cikin ƙwan. Sai ƙwan ya fara zama ɗan tayi bai jira namiji ba. Har yanzu ana buƙatar garin fure don ya samar da garin da ke cikin ƙwayar, wanda mutane ke ci. Amma ɗan tayin na uwa ne zalla.

Da farko ƙasa da kashi 30 cikin ɗari na ƙwayoyin ne suka fito haka. A 2022 masana daga Faransa da Amurka da Jamus da Ghana suka kai shi sama da kashi 95 cikin ɗari a wata shinkafa mai aure, kuma halin ya ɗore har zuriya uku.

Gero ma yana cikin labarin. Yana da wani ɗan'uwa na daji a gabashin Afirka, wata ciyawa da take yin iri kwafin uwa da kanta. A 2015 Peggy Ozias-Akins da abokan aikinta a Jami'ar Jojiya ta Amurka suka nuna cewa ƙwayar gadon da ke sa ƙwanta zama ɗan tayi 'yar gidan BABY BOOM ce. Da suka sa ta a jikin gero, ƙwan gero ya fara girma ba namiji. A 2016 kuma wani kamfanin iri a Amurka ya nuna cewa BABY BOOM da WUSCHEL suna karya taurin kan masara da dawa a cikin kwalba. Sai dai dole a kashe su in sun gama aiki. In aka bar su a kunne, shukar takan tsumbure ta ƙi haihuwa.

Abin da ya sami masu kwakwar manja

Kada a ɗauka abin ba haɗari. Ƙasar Maleshiya ta ga darasi. A can aka yaɗa kwakwar manja ta hanyar kwalba, aka dasa gonaki. Itatuwan suka tashi kore shar. Sai da suka isa haihuwa, bayan shekaru ana kashe musu kuɗi, aka ga wasu furensu ya rikice. Sashen namiji ya koma kamar na mace, 'ya'yan suka lalace, ba man kirki. An ba da rahoton wannan a 1986.

Aka duba littafin gado, ba harafin da ya sauya. Kusan shekara talatin ana neman dalili. Sai a 2015 masanan hukumar manja ta Maleshiya da abokan aikinsu suka gano shi. Akwai wasu 'yan alamu da sel yake maƙalawa a kan wani wuri a littafin, masu nufin kada a karanta nan. Zaman kwalba ya goge alamun a wuri guda. Rubutu lafiya lau, amma karatu ya ɓaci. Gano wannan ya sa ana iya gwada ganyen dashe tun yana ƙarami, a ware mai lahani kafin a kai shi gona.

Haɗari na biyu shi ne kama da juna. Gonar da duk shukarta kwafin uwa ɗaya ce, cutar da ta iya kayar da ɗaya za ta iya kayar da duka. Haka ta faru da wata ayaba mai suna Gros Michel, wadda ake nomawa a tsakiyar nahiyar Amurka. Wata cutar saiwa ta bi gonakinta ta cinye a shekarun 1950, sai da aka sauya iri ɗungurum. Tsofaffin da suke ajiye dawa iri uku ko huɗu a rumbu, kaura da farafara da sauransu, sun san abin da suke yi.

Inda aka kwana

Hatsi mai kwafin uwa yana matakin gwaji ne. Bai shigo kasuwa ba. A wasu gwaje-gwajen zangarniyar ba ta cika kamar ta asali ba, kuma ana aikin gyara wannan. Duk wanda ya zo ƙauye da buhu ya ce ga masara mai aure wadda ba a sake saye, a nemi malamin gona kafin a ba shi ko kwabo.

Ko ya kammala, akwai sauran tambayoyi. Irin wannan hatsi an taɓa littafin gadonsa, kuma mutane sun rabu a kan haka, wasu na so, wasu na ɗari-ɗari. A Nijeriya sai hukumar da aka kafa a 2015 don sa ido kan irin waɗannan tsirrai ta ba da izini, kamar yadda ta ba waken nan mai jure tsutsa da aka fitar daga Samaru, Zariya, a 2019. Akwai kuma batun mallaka. Kamfanin da ya saba sayar da iri kowace shekara ba lalle ya yi murna da irin da ake saye sau ɗaya ba. Ko doka za ta bar manomi ya ajiye, ya kuma ba maƙwabcinsa, wannan magana ce da ta kamata ƙungiyoyin manoma su sa baki tun da wuri.

Wanda zai sayi dashen dabino na kwalba, ya tambayi sunan irin, da inda aka yi shi, ya karɓi takarda. Ya fara da kaɗan. Dashen da ya fito daga kwalba bai saba da rana da iska ba, sai an saba masa a inuwa kafin a kai shi fili.

Wanda kuma yake so ya ga abin da idonsa, ba sai ya je ɗakin bincike ba. Ya sami ƙwallon mangwaron gargajiya sabo, ya fasa ɓawon a hankali da wuƙa. In ya ga cikin a rarrabe yake gida-gida, kowane gida ɗan tayi ne. Ya binne shi a ƙasa mai laima, cikin inuwa. Bayan mako biyu zuwa huɗu ya koma ya ƙirga tsirran da suka fito.